Kwaɗin Ayman

Raniya ta sauko daga bas a Gadarif ba jaka ba akwati, sai jarka ɗaya rungume a ƙirji. A wannan makon duk wanda ya gudo daga Khartum da abin da hannunsa ya fara kai wa: wata da tukunyar gas, wani da katifa a naɗe, wata tsohuwa da kan keken ɗinki. Ita tata jarkar an yanke mata baki, an ɗaure da yankin gidan sauro, a ciki kuwa kwaɗi biyu ne suke iyo.

Mahaifinta, Mailafiya, shi ya zo tarbarta. Ya dube ta, ya leƙa jarkar, ya sake dubanta.

"Ya bitti, 'yata, ina mijin naki?"

"Yana bayana, Baba. Ya koma Bahri ɗauko mahaifiyarsa."

"To wannan fa? Guzuri ne?"

"Baba!"

"Na ga mutane da gwal, na ga mutane da talabijin. Ni tawa 'yar da kwaɗi. Alhamdulillahi. Mu je, kafin a ce gidan Mailafiya an fara cin abin ruwa."

Ayman shi ne mijin. A ɗakin bincike na jami'a suka haɗu, ita tana karatun digiri na biyu, shi ya riga ta da shekaru. Mutum ne da ba ya iya shan shayi bai ɗiga a riga ba, amma in ya ɗauki allurar gilas mai siririn da ido bai cika gani ba, ya sunkuya kan ƙwan kwaɗo, hannun nan sai ya tsaya cak kamar ba jini a cikinsa. A nan zuciyarta ta fara tafiya. Ta sha karanta soyayya a littattafai, ta Larabci da ta Hausa, ba ta taɓa jin wadda aka fara da kallon yatsu ba, sai tata. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace, amma ranar da ya zo neman aurenta ya durƙusa gaban Mailafiya ya jero ta kaf, har da "ina gajiya", dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce ya ba shi.

Ranar da aka wayi gari da harbi, wuta ta ɗauke a jami'a ba ta dawo ba. Da aka samu ɗan sarari Ayman ya lallaɓa ta lunguna ya isa ɗakin binciken. Duk kwaɗin da ke cikin tankuna sun mutu sai biyu, mace da namiji. Ya zuba su a jarka, ya sa Raniya a bas da ita, ya cusa mata wata 'yar tocila da tabarau mai ruwan ɗorawa a hannu.

"Ki riƙe mini su. Ina nan tafe."

Bai zo ba. Waya ce ta zo, daga wani maƙwabcinsu, da la'asar, Raniya na tsinkar ganye a tsakar gida. Harsashin igwa, wanda suke kira dana, ya faɗa gidan. Shi da mahaifiyarsa. An binne su a filin makarantar unguwa, don ba a iya kaiwa maƙabarta.

Haka ta shiga takaba a guttiyar da ke ƙarshen gidan, ɗakin nan mai zagaye da jinkar ciyawa, sanye da farin tob, babban mayafin matan ƙasar. A gefen gadonta aka kafa randa, tsohon zir mai tsatsafo, wanda ruwansa ke zama da sanyi ko da rana ta kai tsaka. Nan ta zuba kwaɗin. Ba irin na kwatami ba ne masu ƙuraje da tsalle. Ƙanana ne, masu sulɓi, shimfiɗaɗɗu, ba sa fitowa tudu, idanunsu a saman kai kamar kullum suna jiran wani ya leƙo.

Mahaifiyarta, Haliima, ba ta so wannan lamari ba ko kaɗan.

"Ke, ɗakin da ake sallah? Da kwaɗi?"

"Suna cikin ruwa, Inna, ba sa fita."

"Randata ce ta shan ruwa tun kafin a haife ki."

Amma ba ta ce a ɗauke ba. Raniya 'yar fari ce, kuma Haliima irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "'yar nan". Ba ta taɓa rungumarta a gaban mutane ba, ko ranar aure. Ranar da labarin Ayman ya zo, mata suka cika gidan suna kuka, kowacce ta kama Raniya ta riƙe, uwar kuwa tana madafi tana hura wutar da ta riga ta kama. Raniya ta sani al'ada ce. Sanin bai hana ta jin sanyin wurin da ya kamata hannun uwa ya sauka ba.

Mailafiya ne mai shigowa hira, in ya dawo daga gonarsa ta wajen Doka. Wata rana ya zauna bakin ƙofa da kofin jabana, gahawarsu mai citta, ya ce, "To yanzu don Allah ki gaya mini. Mutum ya ratsa harsashi don kwaɗo. Me ke cikinsu?"

Raniya ta daɗe ba ta yi magana mai tsawo da kowa ba. Ta fara a hankali.

"Baba ka san ciwon sukari."

"Wa bai san shi ba? Shi ya cinye ƙafar Hamad mai shago."

"A bayan tumbin mutum akwai wata tsoka, likitoci suna ce mata bankiriyas. A cikinta akwai wasu 'yan ƙwayoyi kaɗan, a warwatse kamar tsibirai, su ke fitar da insulin. In suka lalace sukari ya tashi. Abin da muke nema mu sani shi ne yadda Allah Yake fara gina su tun ɗan tayi bai kai ƙwayar ridi ba. A cikin mace ba za ka iya kallo ba. Kwaɗo kuwa ƙwansa a waje yake, ɗansa kuma garau yake kamar gilas, har bugun zuciyarsa kana gani."

"Kuma ginin iri ɗaya ne da namu?"

"Umarnin ginin kusan ɗaya ne. A cikin kowace ƙwaya akwai abin gado, jinat ake ce musu, kowanne da aikinsa, yawancinsu barci suke sai lokacinsu ya yi. Akwai guda, sunansa nurojenin na uku. Shi in ya farka a cikin ƙwaya, shi ke nan, an ware ta, za ta zama mai fitar da insulin ko 'yan uwansa. Ba ya daɗewa. Ya farka, ya tashi waɗansu, su ma su tashi waɗansu, shi ya koma barci. Mu aikinmu mu san su wa yake tashi, wa ke fara tashi, wa ke bi. Kuma lokacin farkawar shi ne komai. Muka tashe shi da wuri na ɗan lokaci, muka ga ƙwayoyin insulin sun yawaita. In aka saɓa lokacin, abin da ke fitowa daban."

Mailafiya ya kurɓi jabana. "Kamar simsim ke nan, ridin gonata. Ka yanka da wuri ɗanye, ka makara ya fashe ya zube ƙasa. 'Yan kwanaki ne kawai tsakani, duk wahalar shekara a cikinsu take."

"Haka, Baba."

"To waɗannan biyun me ya raba su da sauran kwaɗin duniya?"

Ta gaya masa yadda Ayman ya ɗauki abin gado mai ba da koren haske daga wata halittar teku, ya ɗaura shi a ƙofar nurojenin, ta yadda duk ƙwayar da ya farka a cikinta sai ta haska kore. Ya yi wa ƙwai allura ba adadi, shekara da shekaru, yawanci suka mutu, wasu suka rayu ba haske. Da ƙyar aka samu zuriyar da ta ɗauka tana kuma gadar wa 'ya'yanta. Duk duniya ba wani wuri da ake da ita. Waɗannan biyun su ne ƙarshenta.

"In suka hayayyafa, aikinsa ya rayu. In suka mutu, Baba, kamar bai taɓa zama kan kujerar nan ba."

Dattijon ya ajiye kofin. Sai ya ce, don ya kauda nauyin, "Asalinsu 'yan ina ne?"

"Kakanninsu daga Najeriya aka kwaso su."

"La ilaha! Ashe 'yan uwa ne! Haliima, zo ki ji, baƙin nan namu ne, su ma hanyar kakanmu suka biyo, Makka za su suka maƙale a Gadarif!"

Daga madafi Haliima ta ce, "Sai ka yanka musu rago." Raniya ta yi dariyar da ba ta yi ba tun daga Khartum, ta ƙare da kifa fuska a gwiwa.

A jami'a allura ake yi wa kwaɗin su yi ƙwai. Nan babu ita. Abin da ya rage mata shi ne damina. Ta roƙi a kafa mata ganga ƙarƙashin kwanon rakuba, rumfar tsakar gida, a tara ruwan sama, don ruwan da jakuna ke kawowa a karo, wato amalanke, ba ta yarda da shi ba sai ya kwana ya huce. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ta rage na randar ta ƙara sabo mai sanyi, ko jikinsu ya gaya musu lokaci ya yi. Kharif, daminarsu, ya kankama, baƙar ƙasar Gadarif ta zama laka mai cire takalmi, ciyawa ta rufe shinge, kwaɗin gari suna ta kaɗe-kaɗensu a kowane kududdufi. Nata biyun shiru.

A cikin kwanakin nan ne ta fara tarar da wani abu a bakin ƙofa da safe: murfin kwano, a kansa hanta an yayyanka ƙanana ƙanana, wata rana tsutsar tana daga lambu, abincin kwaɗin. Ba wanda ya ce shi ya ajiye. Ta san yankan, irin na albasar mulah ne, miyar mahaifiyarta. Ba ta yi godiya ba, don godiyar za ta kunyata mai ajiyewar.

Wata safiya bayan ruwan asuba, tana ninke sallaya, ta ji wata 'yar ƙara daga cikin randa, kamar ana jan farce a kan haƙoran mataji. Ta leƙa. Namijin ya kama macen a ƙugu, suna juyi tare a hankali. Ta zauna a ƙasa ta dafe baki. Kafin hantsi ƙwai sun manne a jikin randar, ƙanana, rabi fari rabi ruwan ƙasa. Ta tsince su da cokalin shayi ta mayar cikin babbar tasa, don iyayen ba sa ƙin cinye nasu.

Ta zauna kan tasar nan kamar mai jego. Ta ga ƙwai sun tsage biyu, huɗu, sun zama ƙwallo, sun miƙe, sun yi kai da jela. Da suka fara iyo ta rufe ƙofa da tsakar rana, ta lulluɓa da bargo ita da tasar, ta sa tabarau mai ruwan ɗorawa, ta kunna tocilar Ayman mai shuɗin haske, ta kara gilashin ƙara girma. Ta daɗe tana nema, gumi na ɗiga daga haɓarta. Sai ɗaya ya juya gefe, a can ƙarƙashin bayansa, kusa da inda hanji ke naɗewa, ta ga ɗigo. Kore, ƙarami, mai tsabta. Ta duba na biyu, akwai. Na uku, akwai.

"Ayman," ta ce cikin bargon. "Sun ɗauka. Ya Ayman, sun ɗauka."

Ta ji motsi a ƙofa. Haliima ce tsaye da tsintsiya, wai shara ta kawo ta.

"Inna, zo ki gani."

"Ni ina ruwana da kallon kwaɗi."

Amma ta durƙusa, ta bari aka sa mata tabarau a kan tob, ta shiga bargon. Ta daɗe a ciki tana kallo. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hasken ne.

"Wannan ɗin yaron nan ne ya sa musu?" Ba ta kiran sunan suruki, ko bayan ransa.

"Shi ne."

"Allah Ya haskaka makwancinsa." Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita ba ta share komai ba.

Raniya ta samu tsohuwar malamarsu, Dakta Bakhita, a waya. Malamar ta tsira zuwa Bur Sudan, can bakin teku, ta samu wani ɗaki mai wuta da tankuna biyu. Da ta ji labari sai da ta yi kabbara. Ta ce akwai direban babbar mota, Babiker, mai ɗaukar dawa daga Gadarif zuwa bakin teku, mutum ne mai amana, da zarar Raniya ta fita takaba su haɗu ya kawo mata su.

Kafin takabar ta cika cutar ta shigo gari. Amai da gudawa, mutum ya tashi lafiya kafin magariba idonsa ya faɗa. Garin ya cika da 'yan gudun hijira, makarantu sun zama gidaje, ruwan sama ya haɗa masai da rijiya. A layinsu ta fara da gidan Asia, maƙwabciyarsu ta jikin shinge, ta ɗauke mata 'yar autarta a yini ɗaya. Wasu matasa 'yan sa-kai suka bi gida gida suna raba fararen ƙwayoyi na kalor, a jefa ɗaya a jarkar ruwa a jira kafin a sha.

Matan layin ba su yarda ba. Suka taru a rakubar Haliima wajen jabana, kowacce da abin da ta jiyo. Wata ta ce warinsa kaɗai ya isa shaida. Wata ta ce an ce yana hana haihuwa. Asia, da idonta bai bushe ba, ta ce ita ba za ta zuba wa sauran 'ya'yanta abin da ba ta san mai yinsa ba. Raniya tana jin su daga guttiya. Ta fito bakin ƙofa da farin tob ɗinta, abin da ba ta saba ba.

"Khalti Asia, wallahi magani ne. Abin da ya kashe yarinyar nan a cikin ruwa yake, ido ba ya ganinsa, ni na gan shi a madubin bincike. Wannan ƙwayar ita ke kashe shi. Ku sa, don Allah, kada mu sake ɗaukar wani yaro daga layin nan."

"Ke kin tabbata?"

"Da raina."

Haliima ce ta fara miƙewa. Ba ta dubi 'yarta ba, ta ɗauko ƙwaya ta jefa a jarkarta a gaban kowa, ta ce, "'Yar nan ta yi karatu." Daga ranar ta zama ita ce mai bin layi tana tambayar wa ya sa, wa bai sa ba. Raniya ba ta taɓa tunanin ta ce mata komai game da randa da tasa ba. Ruwan kwaɗin ita kaɗai ke taɓa shi, uwar iyakarta bakin ƙofa.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta sa tob mai launi, ta ji shi a jikinta kamar na aro. Washegari da safe ta tafi kasuwar amfanin gona neman Babiker. Ta same shi yana sa ido ana loda buhuna. Ya saurare ta, ya shafa gemu, ya ce ya ɗauki awaki, ya ɗauki amarya da kayanta, ya taɓa ɗaukar gawa, amma kwaɗi yau ne farko. Gobe da safe zai tashi, zai sa su a gaba kusa da shi, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ta saya musu sabuwar jarka mai faɗin baki. A hanyar dawowa, cikin raksha mai ƙafa uku, ta kama kanta tana kallon gari, masu gasa masara, yara da kwalaben ruwa, tsaunin da ya yi kore. Har ta fara shirya abin da za ta rubuta a saman aikin idan ya fito: sunansa a gaba, nata a baya.

Warin ne ya tarbe ta tun daga ƙofar guttiya.

Ta saki jarkar. A cikin tasa ba abin da ke motsi. 'Ya'yan kwaɗin da ta bari da safe suna shawagi kai ƙasa, garau kamar ruwan kansa, yanzu sun yi fari fat, sun kwanta a gindi kamar shinkafar da ta jiƙa. Ta juya ga randa. Macen tana sama, ciki a sama, hannuwa a buɗe. Namijin yana jikin bango yana ƙoƙarin hawa, yana zamewa, fatarsa ta yi ja tana saɓulewa.

Ta cafko shi da hannu biyu ta fito a guje. Ruwa, ruwa mai tsabta, ko kofi ɗaya. Ta buɗe gangar ruwan sama, wari. Jarkar madafi, wari. Butar alwala, wari. Babu ɗigon ruwa a gidan Mailafiya da ba a tsarkake ba. Ta faɗa ƙofar gida ba takalmi, tob na jan laka, ta durƙusa bakin kududdufin da ke gaban shinge, ruwan da ita da bakinta ta hana yaran layi taɓawa, ta tsoma hannuwanta da shi a ciki.

"Yi haƙuri. Yi haƙuri, ka motsa. Don Allah ka motsa."

Ya buga ƙafa sau ɗaya a tafinta. Ta jira na biyu. Ta girgiza ruwan a kansa, ta shafa bayansa da yatsa, ta kira shi da sunan da ba nasa ba. Rana tana dukan ƙeyarta, wani mai karo ya tsayar da jakinsa yana kallo. Na biyun bai zo ba.

Da ta ɗago, mata sun fito ƙofofinsu. Haliima tana tsaye bakin shinge, hannunta da ƙullin kisra, wainar dawa, fuskarta ta sauya.

"Ke, mene ne? Me ya same su?"

Raniya ta ɗago tafinta da kwaɗon a ciki.

"Na ba su magani fa," in ji Haliima, muryarta na sauri. "Da kika fita na leƙa, na ga ruwan ƙananan ya yi duhu-duhu. Na ce cutar nan ba ta san babba ba ta san yaro ba, ga su tafiya za su yi. Na sa wa ƙananan ɗaya, manyan na sa musu biyu, tun da su biyu ne. Ban taɓa su da hannu ba, wallahi. Na ce kada ki dawo ki tarar..." Ta dubi kwaɗon. "Su ke nan abin da yaron nan ya bar miki."

Raniya ta dubi uwarta. Tana so ta yi ihu. Tana so ta ce fatar kwaɗo ba irin tamu ba ce, da ita yake sha, da ita yake numfashi, abin da cikin mutum ba ya ji shi ƙone shi yake, kuma ƙwayar jarka guda a tasa wuta ce. Ta buɗe baki. Asia ta riga ta.

"Tsaya, Hajja Haliima. Kalor kika sa musu?"

"Shi."

"Suka mutu?" Asia ta juya ga sauran matan, ta juyo. "Ya Raniya, ki dube ni. Da safe lafiyarsu ƙalau, aka sa musu ƙwayar nan, kafin azahar sun mutu. Abin da nake ba 'ya'yana ke nan safe da yamma, don kin rantse mini. Ki gaya mini gaskiya, shi ne ya kashe su?"

Raniya ta dubi fuskokin. Ta san su. Ta san in ta ce e, amma, ba mai jin abin da zai biyo bayan amma. Kafin la'asar an zubar da jarkoki, kafin gobe labarin ya kai kasuwa: maganin ya kashe kwaɗin 'yar Mailafiya mai karatu. Ta dubi uwarta, wadda ƙullin ke bushewa a yatsunta, idonta a kan abin da ke tafin 'yarta, ta fara ganewa tana roƙon kada ta gane.

Raniya ta yi shekaru ana koya mata kada ta faɗi abin da ba ta gani ba, kada ta ɓoye abin da ta gani. Ayman ya taɓa zubar da aikin wata shida don lamba ɗaya da bai yarda da ita ba.

"Ba shi ba ne, khalti," ta ce. Muryar ta fito a daidai, har ta ba ta mamaki. "Tun jiya na ga ba su da lafiya, ban faɗa ba ne. Ruwansu ya riga ya ɓaci. Da an sa da ba a sa ba, tafiya za su yi."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To na makara ke nan," in ji Haliima a hankali. "Da jiya na sa."

"Ba ki makara ba, Inna. Kwanansu ne ya ƙare."

Ta tona laka da hannu a gindin shinge ta sa shi, ta koma ta ɗauko macen, ta juye tasar a kansu, ta mayar da ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, ko yaran. Da ta miƙe hannuwanta baƙi ƙirin har gwiwar hannu, da laka da ruwan kududdufi.

"Inna, zuba mini. Na taɓa ruwan waje."

Haliima ta ɗauko jarkar madafi ta karkata. Ruwan ya sauko da warinsa, Raniya ta cuɗa da sabulu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, yadda ta koya musu. Da hannun ya fita ta haɗa tafuka ta tara, ta kai baki ta sha a gaban Asia da sauran, ta sake tarawa ta sha. Asia ta sauke numfashi, ta ja tob ɗinta, ta ce wa babbar 'yarta ta je ta duba ko an sa a jarkar yamma.

Mata suka watse. Raniya ta zauna a ƙasan rakuba, ta jingina da ginshiƙi, ta ciro waya. Ta nemo lambar Dakta Bakhita ta tsaya tana kallonta. Haliima ta koma madafi, ta ɗora kisrar da ta bari, ƙamshin ya fara tashi. Can ta yi magana ba ta juyo ba.

"Ke. In kwaɗin gari za su yi, a gaya wa babanki ya kamo miki a Doka. Suna da yawa bana."

"To, Inna," in ji Raniya. Ta danna kiran, ta kara a kunne, wayar tana ta ƙara a can bakin teku.